Shiga gandun dajin Dinder na ƙasar Sudan: yaushe, kuma da wane shiri?

Mai tambaya, Maiwurno:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna son zuwa Dinder kallon namun daji. Wane lokaci ya fi, kuma yaƙin nan ya bar hanya?

Direba, Sinja:
Wa alaikumus salam. Kada ku kuskura ku tafi da damina. Daga Yuni zuwa Oktoba baƙar ƙasar nan laka ce mai danƙo, tana riƙe mota har gindi. Ku bari sai Janairu zuwa Afrilu, lokacin da kogin Dinder ya tsinke, bauna da kwanta-rafi da jimina suka taru a fadamun da ake kira maya. Mota mai jan ƙafa huɗu, taya biyu na ajiya, shebur, igiyar ja, da man dawowa, don babu gidan mai a ciki. Ruwa lita biyar ga kowa kullum.

Malamin makaranta, Gadarif:
Ɗan uwa, tsaro ne kan gaba. Rundunar RSF, wadda ta shiga yaƙi da sojojin Sudan, ta kama garin Dinder a 2024, sojoji suka ƙwato shi a Oktoban shekarar. Inda aka yi faɗa akwai harsasai da bamabaman da ba su fashe ba, don haka kada a sauka daga sawun mota. Ku fara samun izinin 'yan sandan kula da namun daji, su haɗa ku da jagora. In sun ce a dakata, ku dakata.

Ma'aikaciyar jinya:
Yayana, ku riƙe gidan sauro mai ƙananan ramuka. Ƙudan da ke kawo kala-azar, cutar nan mai dogon zazzaɓi, ya fi sauro ƙanƙanta, da dare yake cizo. Bayan dawowa, in zazzaɓi ya kai mako biyu bai sauka ba, a je gwajin cutar.