Neman kalma: littafin da aka gina a kan fim, wane suna za mu ba shi? Juma'a nake ɗaukar shiri

Mai Shirin Adabi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Yau da ƙoƙon bara na shigo. Ranar Juma'a da safe zan ɗauki shirinmu na rediyo, kuma na wannan mako a kan marubutan nan ne da kamfanoni ke ba su kwangilar rubuta littattafai da taurarin fina-finan kimiyya, irin su Star Wars da Star Trek. Turawa na ce wa irin littafin tie-in. Sau uku ina rubuta gabatarwa ina yagewa, don sai na yi jimla mai layi biyu kafin in faɗi abu ɗaya. Kalma nake so wadda zan maimaita sau ashirin cikin minti talatin harshena bai harɗe ba. Wanda kuma yake karanta su, ya taimaka mini da sunan marubuta biyu ko uku da abin da suke ciki yanzu.

Ɗan Kurmi: Hajiya ki Hausantar da ita ki huta. Ki ce "tayin". Ai haka muka yi wa fim da rediyon ma.

Bazazzagiya: Tayin me? Na abinci ko na aure? Mai sauraro zai zauna yana jiran ta ƙarasa magana.

Mai Fassara: Kafin a raɗa suna a duba jaririn tukuna, don abin ba ɗaya ba ne. Akwai wanda ake miƙa wa rubutun fim ya juya shi littafi. Haka Alan Dean Foster ya yi da Star Wars na farko: littafin ya fito a 1976, kafin fim ɗin ma ya fito a 1977, kuma sunan George Lucas, mai fim ɗin, aka buga a bango, ba nasa ba. Wannan bai buƙatar sabuwar kalma, "fim a rubuce" ya isa. Mai wuyar shi ne na biyun, inda labarin sabo ne fil, ba a taɓa ganinsa a majigi ba, amma mutanen ciki da duniyarsu mallakar kamfani ne. Shi ma Foster ya yi irin wannan a 1978. Sai kuma abin da masu sha'awa ke rubutawa a intanet ba izini ba biya, wannan wani gida ne daban. Ga na biyun ni dai na ce "littafin rakiya".

Bazazzagiya: Yaya Mai Fassara, to marubucin fa? Ɗan rakiya ke nan? Ka san wa ake kira haka ranar zaɓe.

Mai Fassara: Na janye.

Ɗan Kurmi: Littafin goyo. Fim ne uwa, shi yana baya.

Badamagare: Goyo yana sauka wata rana ya yi tafiyarsa. Waɗannan har abada ba a yaye su. In haka ne ku ce agola mana, ya shigo gidan da ba na ubansa ba.

Tsohon Malamin Hausa: Ina ta karanta ku ina girgiza kai. Kuna neman abu a kasuwa alhali yana cikin ɗakinku. Tun kafin a san majigi malamanmu suke da wannan sana'a, sunanta tahamisi. Mawaƙi zai ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ya ɗora nasa ɗango uku a sama, baiti ya zama ƙwar biyar, bai saɓa wa karin mai waƙar ba, bai saɓa wa amsa-amonsa ba. Ishiriniyar da ake rerawa a garuruwanmu ta Alfazazi ce, amma da tahamisin Ibn Mahib ake rera ta. Mutum ya shiga ginin wani ya ƙara ɗaki bisa ƙa'idar maigida: me ya raba shi da abin da 'yata ke tambaya? Ki ce "tahamisin fim", marubucin kuma "mai tahamisi". Magana ta ƙare.

Mai Fassara: Allah gafarta Malam, kwatancin ya yi kyau ƙwarai, har na so a ce ni na tuno shi. Amma kalmar daga hamsa take, biyar ke nan, duk wanda ya yi makarantar allo zai ji biyar ɗin a ciki. Kuma a tahamisi kalmomin mai waƙar na asali suna nan daram a ƙarshen kowane baiti. A littafin da muke magana babu jimla ɗaya ta fim ɗin, sai mutanensa.

Tsohon Malamin Hausa: Kalma tana girma, yarona. Jirgi da na ruwa kaɗai ne, yau yana tashi sama, ba wanda ya ce a canza masa suna.

Ɗan Kurmi: Ranka ya daɗe, ni abin da ban gane ba, in na ari ta Turanci sai a ce na zubar da mutuncin harshe, in an ari ta Larabci sai a ce an koma gida. Duka aro ne fa.

Tsohon Malamin Hausa: Baƙon da ya yi ɗaruruwan shekaru a gida har ya yi jikoki ba ɗaya yake da wanda ya sauka a tasha jiya ba. Kuma tun da an taɓo, "fina-finan kimiyya" da 'yata ta rubuta ma kuskure ne. Fim ɗin kimiyya shi ne wanda ake nuna wa ɗalibai yadda kwaɗo ke ƙyanƙyashewa. Abin da take nufi "almarar kimiyya" ne.

Bazazzagiya: Baba mu a jami'a "ƙagaggen labarin kimiyya" aka koya mana, da aka zo kan Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo, ta 1969. Almara kuma ai ta ja mu wajen aljanu.

Tsohon Malamin Hausa: Kalma uku a inda biyu suka isa. Jami'ar ke nan.

Mai Shirin Adabi: Don Allah jama'a, yau Laraba. Na karɓi "almarar kimiyya" don ta fi sauƙi a baki. A dawo kan tawa.

Badamagare: Ni tambayata daban ce. Mene ne abin ɓata minti talatin a kan 'yan ƙwadago? Mutumin da ba shi ya ƙagi taurarinsa ba, ba shi da haƙƙin mallakar abin da ya rubuta, an yanka masa kuɗi da wa'adi. Sunan wannan a Hausa jinga, kamar yadda ake ba mutum noman gona a yi tsada tun kafin ya sa fartanya. Ki ce "marubutan jinga". Namu marubutan na Kano su suka ƙagi labarinsu, daga baya fim ya biyo littafi. Mu a gaba muke, su a baya.

Mai Kwanan Karatu: Ɗan'uwa jinga ta faɗi yadda ake biya, gaskiya ne, amma ba ta faɗi me aka rubuta ba, kuma akwai raini a cikinta. Bari in ba ka labari. Ina ajin ƙarshe na sakandare na tsinci wani littafi a tulin gwanjo bakin titi, bangon baya ya cire, takardun sun yi ja, wani ya yi lissafin bashi da biro a shafin farko. Heir to the Empire ne na Timothy Zahn, na 1991. A lokacin ban taɓa kallon Star Wars ba ko sau ɗaya. Da fitilar ƙwai na gama shi cikin dare uku, saboda mugun da ke ciki, Thrawn, wanda ke nazarin zane-zane da sassaƙe-sassaƙen al'umma don ya gane yadda za su yi yaƙi. Wannan babu shi a fim a lokacin, daga kan Zahn ya fito. Littafin ya hau saman jerin waɗanda aka fi saya na jaridar New York Times, shekara 8 bayan fim na ƙarshe, lokacin da kowa ya ɗauka zancen ya mutu. Kuma mutumin tun 1984 yake da kyautar Hugo, babbar kyautar marubutan almarar kimiyya, da labarin kansa. In wannan ɗan jinga ne, to gonar ce ta yi sa'a.

Hajiya ga sunayenki. Martha Wells ta rubuta littattafan shirin talabijin na Stargate Atlantis guda biyu, ta yi na Star Wars ɗaya a 2013, sannan a 2017 ta fara nata jerin na Murderbot, ta kwashi kyaututtukan Hugo da shi, har Apple TV+ ta mai da shi shiri mai dogon zango a 2025. Kirsten Beyer daga rubuta littattafan Voyager aka ɗauke ta cikin marubutan shirin Discovery, kuma tana cikin waɗanda suka ƙirƙiri shirin Picard, duka ukun shirye-shiryen Star Trek ne. Una McCormack 'yar Ingila ce, in kina son siyasa da halin ƙasa bayan yaƙi ki nemi littattafanta a kan mutanen Cardassia, ni su na fi so duk cikin na Star Trek. Peter David kuwa, wanda shi ma ya rubuta littattafan Star Trek, ya rasu a 2025, kada ki ambace shi cikin masu rai.

Badamagare: To ai ka ƙarfafa maganata. Ita Wells ɗin sai da ta bar gonar mutane ta koma tata sannan duniya ta san ta. Kuma Foster da kuke yabo, ba shi ne a 2020 ya fito fili tare da ƙungiyar marubutan almarar kimiyya ta Amurka yana cewa Disney ta daina biyansa kasonsa ba? Mai gona ya sayar da gona, sabon mai gona ya ce bai san zancen ba.

Mai Kwanan Karatu: An yi haka, kuma an sasanta da shi daga baya. Amma lura, kaso yake nema daga cinikin littafi, wanda jinga zalla ba ta da shi. Ko a nan kalmarka ta gaza.

Bazazzagiya: Ku tsaya. Duk kuna ta gona da shuka, ga kalmar nan a gabanku. Reshe. Fim ne gindin bishiya, littafin reshe ne: daga jikinta ya fito, amma ganyensa da 'ya'yansa nasa ne. "Littafin reshe", jam'i "littattafan reshe".

Mai Fassara: Ƙanwata kin harbo. Har ma ta ɗauki abin da sauran ba su ɗauka ba, wato mai bishiya yana iya sare reshe duk ranar da ya ga dama. Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ke da Star Wars, a 2012, a watan Afrilun 2014 aka sanar cewa duk tsofaffin littattafan Star Wars ɗin nan, har da na Zahn, ba sa cikin ingantaccen tarihin labarin, aka liƙa musu tambarin Legends. Sai kuma aka ɗauko Thrawn daga saren aka sake dasa shi: ya fito a shirin Rebels a 2016, Zahn ya sake rubuta masa sabon littafi a 2017, ya bayyana a shirin Ahsoka a 2023. Wani lokaci ma reshen ne ke ciyar da gindi. Sunan Hikaru da Sulu na Star Trek ke amsawa, Vonda McIntyre ce ta raɗa masa a littafinta na 1981, sai a 1991 aka furta shi a fim.

Ɗan Kurmi: Reshe kuma? Mai sauraro zai zaci littafin da ake sa hannu ne a reshen banki. Ku dai yi hankali kada reshe ya juye da mujiya.

Tsohon Malamin Hausa: Reshe ba ya da niyya, tsirowa kawai yake yi. Tahamisi aikin mai ilimi ne da gangan. Kun zaɓi itace kun bar adabi. Amma na ga an yi mini taron dangi.

Mai Shirin Adabi: Baba ba a bar ka ba wallahi. Ga yadda na tsara buɗewar: "Yau za mu leƙa littattafan reshe, wato sababbin labaran da ake rubutawa da izinin masu fim, da taurarin fim ɗin, kusan yadda mai tahamisi ke ƙara ɗango a kan waƙar wani." Bayan nan "littafin reshe" zan riƙa cewa. Juya fim zuwa littafi kuma "fim a rubuce". Jinga zan ambace ta sau ɗaya, wurin zancen biya. Abin da ya rage mini marubucin ne, don "marubucin reshe" yana mini kamar sakataren ƙungiya.

Mai Fassara: "Marubucin littattafan reshe". Doguwa ce, amma sau ɗaya za ki faɗa, sauran ki kira su da sunayensu.

Tsohon Malamin Hausa: "Kusan yadda" ɗin nan ki cire "kusan". In ba za ki cire ba, to aƙalla ki furta tahamisi daidai, kada ki ja wasalin tsakiya. Ni dai a nawa rubutun ba zan sa reshe ba.

Badamagare: Na ukun fa, na masu rubutawa a intanet ba izini? In waɗancan reshe ne, su kauci ke nan?

Mai Shirin Adabi: Su ba sa cikin shirin wannan mako. Mai Kwanan Karatu, turo mini yadda ake furta McCormack ta saƙon murya kafin gobe da yamma.