Yoyo a gefen bawul ɗin zuciya da aka sauya: me eko (hoton zuciya na sauti) ke nunawa?

Mai ɗaukar eko: Salamu alaikum, abokan aiki. Matasan da ciwon rumatik ya lalata wa bawul, aka sa musu na ƙarfe a mitiral (bawul ɗin da ke tsakanin ɗakunan hagu biyu na zuciya), suna dawowa da haki. A eko ta ƙirji, ɗakin sama na hagu na zuciya ba ya fitowa sosai. Yaya kuke kama yoyon gefe, wato jinin da ke komawa baya ta gefen bawul ɗin?

Likitar zuciya: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙarfen ne ke jefa inuwa a bayansa, kalar da ke nuna gudun jini ba za ta nuna maka komai ba. Koma ga Dofla, ma'aunin saurin jini. In gudun E (saurin jini a farkon buɗewar bawul) ya kai mita 1.9 a daƙiƙa, matsakaicin bambancin matsi ya haura 5 mmHg, amma PHT (lokacin da bambancin matsin ke ɗauka ya ragu da rabi) bai kai milisakan 130 ba, jinin da ke ratsa bawul ne ya yi yawa saboda yoyo, bawul bai toshe ba. A tura majiyyacin eko ta maƙogwaro: awa 6 ba ci, a cire haƙoran roba, a tambayi wahalar haɗiya.

Wani likitan zuciya: Haka ne, Hajiya. Sai a kula, bawul ɗin ƙarfe yana da ƙananan feshi na wanke kansa, gajeru, daga cikin zoben ɗinki (zoben da ake ɗinke bawul ɗin da shi) suke fitowa. Yoyon gaske ta wajen zoben yake bi, a karkace, yana lasar bango. A sa ma'aunin kala tsakanin santimita 50 da 60 a daƙiƙa, a juya kusurwa daga 0 zuwa 180 sannu a hankali, domin ƙaramin rami a kusurwa ɗaya kaɗai yake bayyana. A rubuta hawan jinin lokacin. Maganin barci na sauke shi, yoyon ya yi kamar ba shi da yawa. A 3D kuma, baƙin gurbin da kala ba ta ratsa shi ba, ba rami ba ne.

Likitan tiyata: Ku faɗa mana wurin da lissafin agogo: bawul ɗin ayota (babbar jijiyar jini) a ƙarfe 12, kunnen ɗakin sama na hagu (ɗan aljihun da ke jikinsa) a ƙarfe 9. Yoyon da ya ci ƙasa da kashi 10 cikin 100 na kewayen zoben ƙarami ne, kashi 30 zuwa sama mai tsanani. In zoben yana rawa, ɗinki ya saki sosai, ku kira mu a ranar.

Likitar zuciya: Kada a raina ƙaramin rami, shi ya fi farfasa ƙwayoyin jini. A duba PCV (gwajin yawan jini) da LDH (sinadarin da ke hawa in ƙwayoyin jini na farfashewa), a tambayi launin fitsari. Sabon yoyo da zazzaɓi kuwa, a ɗebi jini sau 3 don binciken ƙwayoyin cuta kafin a fara antibayotik.