Muhawara: Shin gyaran murya da na'ura ha'inci ne?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum. Na gaji da waƙoƙin fina-finan Kannywood, waɗanda idan ka saurari mawaƙa da yawa a jere sai ka rantse maƙogwaro ɗaya ne ya rera su, saboda duk an wanke muryoyin da Auto-Tune, manhajar kwamfuta ta gyaran murya. Yaran da ke tsayawa bakin shagon caji suna gambarar zamani, abokinsu yana ɗaukarsu da waya, ƙarar babur tana shiga ciki, sun fi burge ni nesa ba kusa ba, domin abin da ya fito daga bakinsu shi kake ji. Sauran kuwa ha'inci ne kawai.

Mai situdiyo: Wa'alaikumus salam. Malam, ka janye kalmar ha'inci, domin abincin mutane ka taɓa. Kamfanin Antares na Amurka ne ya fitar da manhajar a 1997, wanda ya ƙirƙiro ta kuma, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aikin nazarin sauti wajen neman man fetur a ƙarƙashin ƙasa. Aikinta shi ne ta auna amon muryar mawaƙi, idan ya ɗan kauce ta jawo shi kan amo mafi kusa. Ba ta tsara baiti, ba ta ƙara wa kowa numfashi, ba ta kuma koya wa mutum hawa kiɗa.

Malamar makaranta: Ni ma kalmar ce ta tsaya mini a rai, domin babu ha'inci sai da ɓoyewa. Tun da mawaƙiyar Amurka Cher ta fitar da waƙar "Believe" a 1998, inda aka ƙure saurin gyaran har murya ta riƙa tsalle daga amo zuwa amo, duniya ta san wannan sautin. Abin da ko yaro ke ganewa da kunnensa, wa aka ɓoye wa?

Dattijo: 'Yata, rabin magana kika faɗa. Gyaran da ake sassautawa yadda kunne ba zai kama ba, shi ne tauye mudu. A gayyaci mawaƙi wajen biki da kuɗi masu kauri, a miƙa masa makirufo babu kwamfuta, sai ka ga mata suna kallon juna. Marigayi Mamman Shata da kalangu da 'yan amshi kaɗai ya cika fage, Ɗan Maraya Jos kuma da kuntiginsa.

Mai situdiyo: Baba, Allah Ya ba ka haƙuri, amma Shata ma ya yi waƙa da lasifika, an kuma naɗi muryarsa a faifai da kaset. Shin ƙara wa murya ƙarfi da na'ura shi ma ha'inci ne?

Wani masoyin Shata: Kada ka kuskura ka sake haɗa sunan Shata da kayan shagonka. Ku da kuka mayar da kowane ango mawaƙi ba ku da bakin magana a nan.

Matashi mai gambara: Iyayena da yayyena, da mu aka fara zancen, amma kun manta da mu. Gambara magana ce a kan kiɗa, ba ta dogara da jan murya ba, saboda haka auna mu da masu waƙar soyayya ba adalci ba ne. Kuma rashin kuɗin situdiyo ne ya sa yawancinmu ɗauka da waya, ba wata aƙida ba. T-Pain, mawaƙin Amurka wanda aka fi zagi kan Auto-Tune, ya rera waƙa babu ita a gidan rediyon NPR a 2014, kowa ya ji cewa yana da murya.

Mai buɗe zance: Ni dai ban janye ba, kuma har yanzu babu wanda ya bayyana mini dalilin da ya sa muryoyin suka zama iri ɗaya.

Shugaban zaure: Na karanta komai. Abin da na fahimta shi ne, masu hankali sun yarda cewa babu mawaƙin zamani da ya kama ƙafar Shata, kuma mai situdiyo, wanda kowa ya san kasuwarsa yake karewa, bai kawo hujjar da ta karɓu ba. Batun T-Pain can Amurka aka yi shi, bai shafe mu ba. Kalmar ha'inci ta zauna, na rufe zancen.