Rumbun wasiƙun Exchange ya ƙi tashi: wa ya taɓa ceto nasa?

Mai tambaya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Wuta ta ɗauke cikin dare, batirin sabar bai riƙe ba, da safe rumbun imel na ofishinmu ya ƙi tashi. Exchange 2016 ne, manhajar sabar imel ta Microsoft. Na duba fayil ɗin .edb, wato rumbun kansa, da umarnin eseutil /mh, ya nuna Dirty Shutdown, wato bai rufe daidai ba. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan halin ya faɗa mana yadda ya fita.

Tsohon hannu: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Malam, wannan ba lallai lalacewa ba ce. Akwai abubuwan da aka rubuta a fayilolin log, inda Exchange ke fara rubuta komai, ba su kai ga shiga rumbun ba wuta ta tafi. Duba layin Log Required, zai nuna maka waɗanda ake nema. In suna nan, eseutil /r E00 zai zuba su ciki, in dai da E00 sunayensu suka fara. Nawa haka ya tashi, ko wasiƙa ɗaya ba ta salwanta ba. Amma fa kafin ka taɓa komai, kwafe .edb da log ɗin gaba ɗaya zuwa wani faifai.

Mai gadin sabar: Mu ba mu yi wannan sa'ar ba. Ajiyar dare (backup), wadda ita ce ke share tsofaffin log, ta daina aiki ba wanda ya lura, log suka yi ta taruwa, kowanne megabait 1, har faifan ya cika. Wani abokin aiki ya ga dubban ƙananan fayiloli, ya ɗauka shara ce, ya share. Dole muka koma ga eseutil /p. Shi ba gyara yake yi ba, yanka yake: duk shafin da ya kasa karantawa sai ya jefar. Rumbun ya tashi, amma aka yi ta zuwa ana cigiyar takardun da aka liƙa wa wasiƙu. Daga baya muka buɗe sabon rumbu muka kwashe kowa, don wanda aka yi wa /p ba abin amincewa ba ne.

Hajiyar kwamfuta: Ni kuskuren -1018 na gani, alamar wani shafi na rumbun ya lalace, faifan ne ke mutuwa. Na ɗora rumbu fanko don ma'aikata su ci gaba da aike da karɓa, sannan na sauke ajiyar jiya a rumbun ceto, na mayar wa kowa nasa da New-MailboxRestoreRequest. Abin da ya shigo bayan ajiyar kuwa, daga fayilolin .ost, kwafin wasiƙun da Outlook ke ajiyewa a kwamfutocin ma'aikata, na tsinto shi. A cire wayar network daga kwamfutocin, a buɗe Outlook, a fitar da wasiƙun zuwa fayil ɗin .pst, tun kafin a haɗa su da rumbu fankon.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Log ɗin da ake nema duk suna nan. Kwafin yana tafiya, yana gamawa zan gwada /r.