Kaska: Gane Ta da Sanin Maɓoyarta

A wata hira kan kaska tsakanin makiyaya da malaman dabbobi, shawarar farko ita ce a ƙirga ƙafafu. Babbar kaska takwas gare ta, 'ya'yanta sababbin ƙyanƙyasa kuma shida. Ba ta da fiffike, ba ta tsalle; in ka ga abu ya daka tsalle, ƙuma ce.

An fi daɗewa kan zamanta a daji. Takan hau kan tsinin ciyawa, ta miƙe ƙafafun gaba tana jira. Da ta ji ɗumin jiki da numfashin dabba, sai ta maƙale. Tana iya shafe watanni ba ta sha jini ba, muddin akwai laima a ƙarƙashin ganye, shi ya sa damina ce kakarta. Macen in ta ƙoshi ta yi tim, sai ta faɗo ƙasa ta zuba dubban ƙwai, ta mutu. Wato wadda ka gani a jikin saniya somin-taɓi ce.

Makiyaya suka ce a duba hantsa, cikin kunne, gindin wutsiya da tsakanin kofato. Kaska mai zanen ruwan goro a baya kuwa, ita ake dangantawa da kirci, wato ciwon fatar dabbobi.

Wajen cirewa aka ɗan ja. Wasu na ɗiga kananzir, malaman suka hana, kuma a ganina da gaskiyarsu. A kama ta da hantsaki dab da fata, a ja a hankali ba murɗawa. Kada a fashe ta da farce, don jininta na iya ɗauke da cuta. A jefa ta wuta.