"Da zaman banza gara aikin kishiya": ta hau kan samari ko ta mata ce kawai?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum. Jiya na yi wa ƙanena wannan karin magana, ya yi fushi har ya bar tuwonsa. Shekara uku ke nan da gama bautar ƙasarsa, kullum yana majalisa ana shan shayi. Maƙwabciyarmu mai gidan abinci na neman wanda zai riƙe mata lissafi, ya riƙa kai abinci ofisoshi. Ya ce shi da digirinsa ba zai yi wa mace yaron shago ba, kuma wai karin maganar ta mata ce, ba ta hau kansa ba. Masana, ku raba mana gardama.

Malam Sani Mai Hausa: Wa alaikumus salam. Daga tsakar gida ta fito, babu musu. Ranar da girki ba naki ba ne ki tashi ki taya kishiya daka da wanke-wanke. Yabon maigida nata ne, ke ko sannu ba lalle ki samu ba. Duk da haka aka ce ya fi ki naɗe hannu. Amma karin magana ba ta zama inda aka haife ta. Ai muna ce wa wanda bai taɓa fita farauta ba "zomo ba ya kamuwa daga zaune". Ta hau kansa daram.

Abba Kurna: Malam, a gafarce ni, akwai inda ba ta yi daidai ba. Matar da ta yi aikin kishiya, ko an gode ko ba a gode ba, cinta da suturarta na wuyan miji. Shi saurayi fa? Sadaki, lefe da kuɗin haya ake jira ya kawo. Aikin da ba ya tara komai ba zai kai shi ko'ina ba. Ni na yi acaɓa har aka hana a Kano a farkon 2013. Na koma adaidaita sahu, kullum ina haɗa wa mai ita balas. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, akwai ranar da nake wuni a titi in koma gida da abin da bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Ba duk wanda kuka gani a majalisa ne rago ba. Wani ya gwada ne har zuciyarsa ta mutu.

Hajiya Binta Kakuri: Ɗana Abba, na ji zafin maganarka, Allah ya buɗa. Amma ka ce cin mace na wuyan miji? A hukunci haka ne. Ka zo Kakuri ka tambaya. Da masaƙar Kaduna Textiles (KTL) da ke nan Kakuri ta rufe a 2002, maigidana ya yi shekaru yana jiran haƙƙinsa. Da kaskon ƙosai na riƙe yara bakwai, da asuba ƙosai da kunu, da yamma awara, ga ɗinkin hula cikin dare, ga adashe. Ba ni kaɗai ba, layinmu kusan duk haka aka yi. Babu wadda ta tsaya tambayar ko aikin ya dace da darajarta, don yaro mai jin yunwa ba ya jira. Abin da ke ci mini rai shi ne yaran da aka yi wa kuɗin makaranta da ribar ƙosan nan, yau su ne ke ƙyamar kasko.

Malam Sani Mai Hausa: Hajiya ta taɓo wurin. Ku duba yadda muka shata iyakar. Mai shayi na soya ƙwai da indomi, namiji ne. Mai tsire, mai wanki da guga, tela, marinan Ƙofar Mata, duk maza. Amma da namiji ya kama muciya ya tuƙa tuwon sayarwa sai a kira shi ɗan daudu. Bakin mutane ne ya ja layin nan. Batun yi wa mace aiki kuwa, Maman Khalifa, ki tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) ya kai wa Nana Khadija hajarta Sham tun kafin ya aure ta.

Abba Kurna: Wannan hujja ta ɗaure ni, Malam, na sallama. Saura tambaya ɗaya ga iyayenmu mata. In yaron nan ya karɓi aikin, gobe ya zo neman 'yarku aka ce yaron mai abinci ne, za ku ba shi? Da yawanmu ba aikin muke gudu ba, ranar tambayar asali da sana'a muke tsoro.

Maman Khalifa: Abba, wallahi ka sa jikina ya yi sanyi. Bara wani mai shayi ya nemi 'yar yayata, yaro mai natsuwa, yana da teburinsa da yara biyu a ƙarƙashinsa. Ina cikin waɗanda suka ce a jira mai aikin ofis. Har yau tana gida, shi kuwa ya yi aurensa. Ƙanena yana zaune aka yi wannan shawara, ya ji duk abin da muka ce. Yau da dare zan kai masa tuwonsa da kaina, in fara ba shi haƙuri kan wannan kafin in sake tayar da maganar gidan abincin.