Taƙaitaccen Bayani Kan Tsarin Fayilolin Faifan CD da Haɗa Shi da Kwamfuta

Kafin a haɗa faifan CD da kwamfuta, wato a sa fayilolinsa su bayyana a cikin wata jaka, abu mafi muhimmanci shi ne a fara gane irin faifan da ke hannu. Faifan sauti na CD ba shi da tsarin fayiloli sam, jerin sauti ne kawai, don haka duk ƙoƙarin haɗa shi da kwamfuta kamar faifan bayanai zai ci tura, kuma wannan ba lalacewar na'ura ba ce.

Faifan bayanai kuwa yawanci yana kan tsarin ISO 9660, wanda aka kafa a 1988. A matakinsa na farko, sunan fayil ba ya wuce haruffa 8 da ƙarin 3 bayan ɗigo, shi ya sa wani lokaci mutum zai buɗe faifai ya ga sunaye sun guntule, kuma dukansu da manyan baƙaƙe. Domin magance wannan, Microsoft ya yi wa tsarin wani ƙari mai suna Joliet, mai ɗaukar suna har haruffa 64, masu Unix kuma suka samar da Rock Ridge, wanda ke kiyaye izinin mallakar fayil. Faifan DVD ya fi amfani da wani tsarin fayiloli mai suna UDF.

A Linux, ana haɗa na'urar karanta faifai, wadda ake kira /dev/sr0, da wata jaka da umarnin mount, a matsayin karatu kaɗai. Shawarar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce a fita daga jakar kafin a ba da umarnin umount mai raba faifan da jakar, domin muddin wani shiri na amfani da ita, umarnin ba zai yi aiki ba, kuma tiren da ake ɗora faifan ba zai buɗe ba.